Polenta

Polenta abincin gargajiya ne na ƙasar Italiya wanda ake yi ta hanyar tuƙa garin masara a cikin tafasasshen ruwa mai gishiri har ya yi kauri. An fi saninta a arewacin ƙasar, musamman a yankunan Veneto, Lombardiya, Friuli, Trentino, Piemonte da Valle d'Aosta, amma ana cin ta a tsaunukan tsakiyar Italiya da kuma wasu ƙasashe maƙwabta. Ana cin ta da zafinta tana da laushi, ko a bar ta ta huce ta daskare, sannan a yanka a gasa ko a soya. A wurin manoman arewacin Italiya, polenta ce ta riƙe matsayin da burodi da taliya suka riƙe a sauran sassan ƙasar.

Sunan abincin ya girmi zuwan masara Turai da fiye da shekara 1,500. A harshen Latin, kalmar *polenta* tana nufin sha'irin da aka soya aka ɓarza. Daga baya ta zama sunan duk wani abinci mai kauri da aka tuƙa da garin hatsi, kuma sai bayan da masara ta iso daga nahiyar Amurka a ƙarni na 16 ne ma'anar ta taƙaita a kan na masara. Tarihin polenta ya haɗa da tarihin yunwa da talauci a karkarar Italiya, da na cutar pellagra, da na ƙaurar miliyoyin Italiyawa zuwa ƙasashen waje.

## Asalin kalmar

### Ma'anarta a harshen Latin

Kalmar ta shigo Italiyanci kai tsaye daga Latin ba tare da siffarta ta sauya ba. Tana cikin rubuce-rubucen Romawa tun kafin haihuwar Annabi Isa (AS), kuma a lokacin sunan ɓarzajjen hatsi ne, ba sunan dafaffen abinci kaɗai ba. Marubucin nan Pliny Babba, wanda ya rasu a shekara ta 79 miladiyya, ya bayyana yadda Girkawa suke yin ta a littafinsa *Naturalis Historia*: ana jiƙa sha'ir, a shanya shi ya kwana, washegari a soya shi, sannan a niƙa a haɗa da ɗan gishiri da kayan ƙamshi. Haka kuma a fassarar Baibul zuwa Latin da Jerome ya yi a ƙarshen ƙarni na 4, an yi amfani da kalmar *polenta* a wuraren da ake maganar soyayyen hatsi na guzuri.

### Dangin kalmar

Masana harshe suna danganta *polenta* da wasu kalmomin Latin masu ma'ana makusanciya:

- *pollen*: gari mai laushi sosai. Sai a ƙarni na 18 ne masana tsirrai suka ari wannan kalma suka sa wa ƙurar da ke cikin fure, ma'anar da aka fi saninta da ita yau.
- *puls*: abinci mai kauri da Romawa suke yi da garin wata tsohuwar alkama mai suna *far*.
- *pulvis*: ƙura.

A harshen Girka ma akwai *poltos*, sunan wani abinci irin na kunu mai kauri. Abin da ya haɗa waɗannan kalmomi shi ne ma'anar abu da aka daka ko aka niƙa ya zama gari. Wannan ya sa masana da yawa suke mayar da su ga saiwa ɗaya a tsohon harshen da ya haifi harsunan Indiya da Turai, wadda ake rubutawa *pel-*.

### Sauyin ma'ana

Ma'anar kalmar ta bi matakai uku. Da farko ta tashi daga sunan hatsi zuwa sunan abincin da ake yi da shi. Daga nan ta faɗaɗa, ta shafi kowane irin gari da aka tuƙa, ko na sha'ir ne, ko na gero, ko na wake. A ƙarshe ta sake ƙuntata: a Italiyancin yau, idan aka ce *polenta* ba tare da ƙarin bayani ba, ta masara ake nufi, sauran kuwa sai an ambaci garin da aka yi su da shi. Wannan misali ne na yadda suna kan zauna daram alhali abin da yake nunawa ya canza.

A Italiyanci kalmar jinsin mace ce (*la polenta*), jam'inta *polente*, kuma ana ƙarfafa gaɓar tsakiya wajen furuci. Tana da siffofi daban-daban a harsuna da karuruwan yankuna: *pulenta* a Lombardiya, *poenta* a wasu sassan Veneto, *polente* a Friuli, *pulenda* a tsibirin Kosika, *palenta* a gaɓar tekun Kuroshiya, da *Plent* a bakin masu Jamusanci na Kudancin Tirol.

## Tarihi

### Zamanin Romawa

Kafin burodi ya yaɗu a birnin Rum, *puls* ne abincin yau da kullum na talakawa da sojoji. Pliny ya rubuta cewa Romawa sun daɗe suna rayuwa a kansa, kuma babu masu sana'ar gashin burodi a birnin sai wajen lokacin yaƙin da aka yi da Sarki Perseus na Masedoniya, tsakanin shekara ta 171 da ta 168 kafin haihuwar Annabi Isa (AS). Dalilin hakan a fili yake: tuƙa gari a tukunya ba ya buƙatar tanderu ko yisti, kuma hatsin da bai dace da burodi ba ma yana yi. Romawa suna cin *puls* da cuku, wake, ganye, man zaitun, wani lokaci da nama. A wurinsu *puls* abincin gida ne, *polenta* ta sha'ir kuwa suna ganin ta a matsayin abincin Girkawa. Duk da haka, sunan na biyun ne ya rayu har ya mamaye ma'anar na farkon.

### Kafin zuwan masara

Bayan faɗuwar daular Rum ta yamma a shekara ta 476, manoman Italiya sun ci gaba da tuƙa duk hatsin da ƙasarsu ta ba su. Alkama tana da tsada, kuma yawanci birane da masu gonaki ne suke cinye ta. Mutanen karkara sun dogara ga sha'ir, da nau'o'in gero na Turai, da dawa, da garin wake. A kan tsaunukan Apennine da na Kosika ana amfani da garin *castagna*, wato 'ya'yan wata babbar bishiya da ake busarwa a kan hayaƙi a niƙa, garinsu yana da ɗan zaƙi.

Daga wajen ƙarni na 15 zuwa na 16, wani tsiro mai suna *grano saraceno* ya shiga kwarurukan tsaunukan Alps. Ba dangin alkama ba ne, amma ƙwayarsa tana ba da gari mai duhu, kuma yana jure ƙasa marar ƙarfi. Polentar da ake yi da shi launin toka gare ta. A littafin *I promessi sposi* na Alessandro Manzoni, wanda labarinsa ya fara a shekarar 1628 a kusa da tafkin Como, polentar da wani iyalin manoma suke jira a kan wuta ta wannan gari ce, ba ta masara ba.

### Zuwan masara

Asalin masara kudancin Meksiko ne, inda aka fara noma ta kimanin shekara 9,000 da suka wuce. Ta isa Sifaniya bayan tafiyar Christopher Columbus ta shekarar 1492. A Italiya an fara kallon ta a matsayin baƙon tsiro na ado: akwai zanen zangarniyar masara a cikin adon da Giovanni da Udine ya yi a gidan Villa Farnesina da ke Rum wajen shekarar 1517, kuma yana cikin zanen masara mafi daɗewa a Turai. A shekarar 1554, masanin labarin ƙasa na Venis, Giovanni Battista Ramusio, ya ambaci cewa ana noma ta a gonakin Polesine, kusa da garin Rovigo.

Yaɗuwarta sosai ta zo ne a ƙarni na 17, musamman bayan yunwar ƙarshen shekarun 1620 da annobar shekarar 1630 da ta hallaka ɗimbin jama'a a Milan da Venis. Masara ta dace da filayen kogin Po masu ruwa da zafin bazara, kuma tana ba da amfani fiye da alkama a fili ɗaya. Tsarin mallakar ƙasa ma ya taimaka. Yawancin manoma ba su da gonar kansu, haya suke yi ko noman raba-daidai. Mai gona yana karɓar alkama domin ita ce mai kuɗi a kasuwa, manomi kuma ya riƙe masara don ciyar da iyalinsa. Zuwa ƙarni na 18, masara ta kori gero da dawa daga tukunyar manoman Veneto, Lombardiya da Friuli, polenta kuma ta koma launin rawaya.

### Sunayen masara a Italiya

Sunayen da aka sa wa masara suna nuna yadda mutane suka karɓe ta. Kalmar *mais* ta fito ne daga harshen Taino na tsibiran Karibiyan ta hanyar Sifaniyanci. Amma sunan da ya fi yaɗuwa a bakin jama'a shi ne *granturco*, wato "hatsin Turkiyya", domin a wancan zamani ana jingina baƙon abu ga Turkawa ko da ba daga can ya zo ba. A Piemonte da Lombardiya an ba ta sunan *meliga* ko *melga*, wanda a da sunan dawa ne. A Veneto ana ce mata *formenton*, ma'ana "babbar alkama", a Friuli kuma *blave*, kalmar da asalinta take nufin hatsi gaba ɗaya. Irin wannan ya faru a Hausa, inda masana suke danganta kalmar "masara" da sunan ƙasar Masar. A harsunan biyu an laƙaba wa tsiron sunan wata ƙasa ta gabas, alhali daga yamma ya fito.

## Talauci da cutar pellagra

Masara ta rage yunwa, amma dogaro da ita kaɗai ya haifar da wata masifa. A ƙarni na 18 da na 19, iyalai da yawa a karkarar arewacin Italiya polenta suke ci safe da rana da dare, musamman a lokacin sanyi, ba nama, ba madara, wani lokaci ko gishiri babu saboda harajin da ke kansa. Ana ba da labarin gidajen da ake rataye busasshen kifi ɗaya a saman teburi, kowa ya goga yankin polentarsa a jiki don ya sami ɗanɗano.

Sakamakon haka shi ne cutar *pellagra*, wadda ƙarancin sinadarin niyasin, wato bitamin B3, yake kawowa. Alamominta uku ne: fata ta yi ja ta yi kaushi ta tsage a wuraren da rana take bugu, sai gudawa, sai taɓin hankali, kuma tana kisa idan ba a magance ta ba. Takan bayyana ne a farkon bazara, bayan an shafe watannin sanyi ana cin masara zalla. Likitan Sifaniya Gaspar Casal ne ya fara bayyana ta a shekarar 1735 a yankin Asturias. Sunan da aka san ta da shi a duniya ya yaɗu ne ta hanyar rubutun likitan Milan Francesco Frapolli a shekarar 1771, kuma daga karin harshen Lombardiya yake: *pelle* fata, *agra* mai kaushi. A shekarar 1784 aka buɗe asibiti na musamman don masu cutar a garin Legnano, ƙarƙashin likita Gaetano Strambio. Ƙidayar da gwamnati ta yi a shekarar 1881 ta sami sama da mutum 100,000 masu fama da ita, mafi yawansu a Veneto da Lombardiya. Asibitocin masu taɓin hankali na tsibiran San Servolo da San Clemente a Venis sun karɓi da yawa daga cikinsu.

An daɗe ana gardama a kan musabbabinta. Cesare Lombroso ya dage cewa guba ce da ke cikin masarar da ta yi fumfuna, yayin da wasu likitoci irin su Filippo Lussana suka ce rashin abinci mai gina jiki ne. Dokar yaƙi da pellagra ta shekarar 1902 ta fi bin ra'ayin farko, ta hana sayar da ruɓaɓɓiyar masara, ta kuma tanadi wuraren busar da hatsi, amma ta haɗa da ciyar da marasa lafiya da ba su gishiri kyauta. Binciken Joseph Goldberger a Amurka daga shekarar 1914 ya tabbatar da cewa matsalar ta abinci ce, sannan a shekarar 1937 Conrad Elvehjem ya gano cewa niyasin ne sinadarin da ya yi ƙaranci.

Mutanen Meksiko da Amurka ta Tsakiya sun ci masara shekaru dubbai ba tare da wannan annoba ba. Dalili shi ne suna dafa ƙwayar a ruwan toka ko na ƙonanniyar farar ƙasa kafin su niƙa, kuma wannan yana sakin niyasin da ke ɗaure a cikinta yadda jiki zai iya amfana. Turawa sun ɗauko iri, amma ba su ɗauko wannan dabara ba.

Polenta ta shiga siyasa ma. Bayan haɗewar Italiya a shekarar 1861, gwamnati ta ƙaƙaba harajin niƙa mai suna *tassa sul macinato*, wanda ya fara aiki a watan Janairun 1869. Ana lissafa shi ne da na'urar da ke ƙirga juyawar dutsen niƙa, kuma nauyinsa ya fi faɗawa kan talakawa. An yi tarzoma a wurare da dama, musamman a Emilia, kuma ba a soke shi gaba ɗaya ba sai a shekarar 1884. Pellagra ta fara ja da baya a farkon ƙarni na 20, lokacin da albashi ya ɗan ƙaru, kuɗin da 'yan ci-rani suke aikowa ya shigo ƙauyuka, abinci kuma ya bambanta.

## Yadda ake dafa ta

Kayan haɗin polenta uku ne: garin masara, ruwa da gishiri. Yawanci ana sa kimanin gram 250 na gari a kan lita 1 ta ruwa, a rage garin idan ana son ta yi laushi. Tukunyar gargajiya ita ce *paiolo*, ta jan ƙarfe ce mai faɗin baki, wadda a da ake ratayewa da sarƙa a kan wutar itace. An zaɓi jan ƙarfe ne domin yana rarraba zafi daidai.

Idan ruwa ya tafasa, sai a riƙa barbaɗa garin a hankali ana kaɗawa don kada ya yi gudaji. Italiyawa suna kiran wannan *a pioggia*, wato "kamar ruwan sama". Daga nan a rage wuta a ci gaba da tuƙi da muciya na tsawon minti 40 zuwa awa 1. Alamar nuna ita ce polentar ta fara saki daga jikin tukunya. Sai a kife ta a kan faffaɗan katako, kuma bisa al'ada da zare ake yanka ta, ba da wuƙa ba. Ƙanzon da ya rage a gindin tukunya ma ana cin sa, yara kan jiƙa shi da madara.

Wadda ta kwana ba a zubar da ita. Ana yanka ta a gasa a kan garwashi, ko a soya a mai, ko a jera ta hawa-hawa da cuku da miya a gasa a tanderu. A yau akwai garin da aka riga aka turara a masana'anta, wanda yake nuna cikin 'yan mintuna, da tukwane masu muciyar lantarki.

### Ire-iren gari

Ana raba garin bisa laushinsa. *Bramata* shi ne mai tsaki-tsaki, wanda aka fi so a yankunan tsaunuka don polenta mai tauri. *Fioretto* ya fi laushi, yana ba da polenta mai santsi. *Fumetto* kuwa mai laushi ne ƙwarai, an fi amfani da shi wajen yin biskit da kek. Masarar da ta fi dacewa ita ce mai ƙwaya mai tauri da sheƙi. Akwai tsofaffin iri na gida da har yanzu ake nomawa, kamar Marano a lardin Vicenza, Nostrano di Storo a Trentino, Spinato di Gandino a lardin Bergamo, Ottofile a Piemonte, da farar masara Biancoperla a filayen Veneto.

## Nau'o'inta a yankuna

- Polenta taragna: ta Valtellina da kwarurukan Bergamo da Brescia. Ana haɗa garin masara da na *grano saraceno*, a zuba man shanu da cuku tana kan wuta. Sunan ya fito daga *tarai* ko *tarel*, muciyar da ake tuƙa ta da ita.
- Polenta concia: ta Valle d'Aosta da yankin Biella, mai laushi, an narka mata cuku irin su Fontina da man shanu.
- Polenta uncia: ta kewayen tafkin Como, da cuku da man shanun da aka soya da tafarnuwa.
- Polenta bianca: fara, ta yankin Venis, Treviso da Padova, ana cin ta da kifi da ƙananan jatan lande.
- Polenta e baccalà: a Vicenza ana cin polenta da busasshen kifin Norway da aka dafa a madara da man zaitun. Irin kifin nan ne da ake sayarwa a kasuwannin Najeriya, domin Italiya da Najeriya suna cikin manyan masu sayen sa.
- Polenta e osei: ta Bergamo, da gasassun ƙananan tsuntsaye. Akwai kuma kek mai wannan suna da aka yi shi da siffar abincin.
- Polenta sulla spianatoia: ta Lazio, Abruzzo da Marche. Ana shimfiɗa ta a kan babban katako a zuba miyar tumatir a kai, iyali su kewaye su ci tare.
- Polenta ta castagna: ta tsaunukan Toscana da Kosika, wadda ta ci gaba da tsarin da ake bi kafin zuwan masara.
- Scagliozzi ko sgagliozze: soyayyun yankan polenta da ake sayarwa a titunan Napoli da Bari a kudu.

Sauran abubuwan da ake cin ta da su sun haɗa da madara, wake, laimar kwaɗi irin wadda ake ci, naman zomo, na barewa da na shanu. Girke-girken gargajiya da dama suna ɗauke da naman alade ko giyar inabi a cikin miyar, amma ita polentar kanta ba ta ƙunshi ko ɗaya ba.

## A wajen Italiya

Ana cin polenta a yankin Ticino na Suwizalan, da Savoie da Nice a Faransa, da Sulobeniya da Kuroshiya. A Romaniya da Moldoba akwai *mămăligă*, a ƙasashen Balkan kuma *kačamak*, dukansu tuƙaƙƙen garin masara ne da ya maye gurbin tsohon abincin gero ko wani hatsi.

Talaucin ƙarshen ƙarni na 19 ya kori ɗimbin mutanen arewacin Italiya zuwa Kudancin Amurka, kuma sun tafi da abincinsu. Daga shekarar 1875 suka fara zama a tsaunukan jihar Rio Grande do Sul ta Brazil, inda har yau jikokinsu suke cin polenta, wasunsu kuma suna magana da Talian, karin harshen da ya samo asali daga na Veneto. Garin Venda Nova do Imigrante a jihar Espírito Santo yana yin bikin polenta duk shekara tun 1979, inda ake kife wata ƙatuwar tukunya a gaban jama'a. A Ajantina da Yurugwai polenta abincin lokacin sanyi ce, ana cin ta da miyar tumatir da cuku.

## Kalmar a cikin magana da al'ada

Daga *polenta* aka samo *polentone*, ta hanyar ƙara ɗafa-ƙeyar *-one* mai nuna girma ko yawa. Ma'anarta "mai yawan cin polenta", kuma ita ce kalmar da mutanen kudancin Italiya suke tsokanar 'yan arewa da ita, su kuma 'yan arewa suna ce musu *terrone*, daga *terra*, wato ƙasa. Kalmomin biyu suna iya zama wasa, suna iya zama zagi, gwargwadon wanda ya faɗa da yadda ya faɗa. *Polentone* tana kuma nufin mutum mai nawa da sanyin jiki. A Sifaniyancin Ajantina da Yurugwai kuwa ma'anar ta juya: idan aka ce mutum yana da *polenta*, ana nufin yana da ƙarfi da kuzari.

Akwai ƙauye mai suna Polenta kusa da Bertinoro a yankin Romagna, kuma daga nan ne zuriyar Da Polenta da ta mulki Ravenna ta samo sunanta. Ɗaya daga cikinsu, Guido Novello da Polenta, shi ne ya ba mawaƙi Dante Alighieri masauki har rasuwarsa a shekarar 1321, kusan ƙarni biyu kafin masara ta iso Italiya. A fannin zane, Pietro Longhi ya yi hoton da ake kira *La polenta* wajen shekarar 1740, wanda ke gidan tarihi na Ca' Rezzonico a Venis, yana nuna mata suna kife polenta daga tukunya.

Bayan Yaƙin Duniya na Biyu, lokacin da tattalin arzikin Italiya ya bunƙasa, iyalai da yawa sun rage cin polenta domin tana tuna musu da wahala. Daga baya ta dawo a matsayin abincin ranar Lahadi, na bukukuwan ƙauye da na gidajen abinci, har da masu tsada.

## Sinadaran da ke cikinta

Mafi yawan abin da ke cikin polenta sitaci ne, don haka abinci ne mai ba da ƙarfi. Ba ta da kitse sosai sai wanda aka ƙara mata. Ba ta ƙunshi gulutin ba, wato sinadarin da ke cikin alkama da sha'ir wanda jikin wasu ba ya ɗauka. Furotin ɗin masara yana da ƙarancin sinadarai biyu, lisin da tiriftofan, kuma da na biyun ne jiki yake iya haɗa niyasin da kansa. Shi ya sa cin ta da madara, cuku, wake, kifi ko nama yake cike gurbin, kuma polenta ba ta da illa ga wanda abincinsa ya bambanta.

## Kamanninta da tuwo

Polenta tana cikin jerin abincin duniya da ake yi da tuƙaƙƙen garin hatsi, irin su tuwon masara a ƙasar Hausa, *ugali* a Gabashin Afirka, *nshima* a Zambiya, *sadza* a Zimbabuwe da *pap* a Afirka ta Kudu. Ba daga juna suka samo asali ba, amma tarihinsu ya yi kama: a kowane wuri an riga an iya tuƙa dawa ko gero, da masara ta zo sai ta shiga tsohuwar tukunya. Bambancin polenta da tuwon masara shi ne yawanci garinta ya fi tsaki, an fi yin ta da masara rawaya, ana sa mata gishiri, kuma ana barbaɗa garin kai tsaye a ruwan zafi ba tare da an yi talge ba.

## Duba kuma

- Masara
- Tuwon masara
- Pellagra
- Harshen Latin
- Abincin Italiya